An canza sunan umarnin Hugging Face: gyaran ya yi kyau, amma wa ke biyan kuɗinsa?

Ka ɗauka kai ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kana zaune a ɗakin haya a Runjin Sambo. Aikin binciken da aka ba ka shi ne ka koya wa kwamfuta ta rarrabe saƙonnin Hausa na Twitter: wanne yabo ne, wanne suka ne, wanne kuma ba ya nan ba ya can. Bayanan da za ka yi aiki da su suna nan kyauta. Tun 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin da mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suka yi wa alama. Ka kuma samo wani darasi na bidiyo da aka ɗauka a 2023, ka sauke shi da daddare lokacin da data ke da sauƙi.

An kawo wuta. Ka buɗe laftof, ka girka kayan aikin, ka buga layin farko kamar yadda mai darasin ya buga:

`huggingface-cli login`

Bai yi aiki ba. Ka lallaɓa ka wuce nan, sai ka tarar `load_metric` ma babu shi. Ka sake wucewa, sai `evaluation_strategy` ya ce bai san ka ba. Sunaye uku sun mutu a hannunka, alhali ko saƙo ɗaya kwamfutar ba ta karanta ba tukuna. Kuma kai ba ka yi kuskure ko na harafi ɗaya ba.

Wannan rubutu a kan wannan ne. Ina so mu duba canjin da kamfanin Hugging Face ya yi wa kayan aikinsa na layin umarni a 2025, mu ga inda ya yi daidai da inda nake ganin ya yi gaggawa. Daga nan mu juyo gida, domin mu masu aiki a kan Hausa ma muna da namu rikicin sunaye.

Idan ba ka taɓa ganin layin umarni ba, wani baƙin allo ne da ba maɓallin latsawa, ba hoto. Rubutu kake yi wa kwamfuta, ita kuma ta aikata. Masu gina manhaja suna son sa ne domin abin da ka rubuta sau ɗaya za ka iya adana shi a fayil, ya maimaita kansa sau dubu ba tare da kai ba. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta da kunya, ba ta da kara. Kai ka sani, an rushe NEPA tun 2005 aka kira ta PHCN, a 2013 kuma aka sayar da sassanta, har rarraba wutar Sakkwato ya koma hannun Kaduna Electric. Amma har gobe idan fitila ta kama, yara "NEPA" suke ihu, kuma kowa ya gane. Ɗan Adam yana riƙe tsohon suna kusa da sabo, ba tare da an sa shi ba. Kwamfuta ba ta yin haka sai idan wani ya zauna ya rubuta mata cewa tsohon sunan nan yana nufin sabon. Ranar da aka goge wannan layi, tsohon suna ya zama surutu.

Abin da aka canza

Hugging Face, wanda wasu Faransawa uku suka kafa a 2016, ya zama kamar babbar kasuwar ƙirƙirarriyar basira. Can ake ajiye model-model da tarin bayanai, can kowa ke zuwa ɗauka. Kusan duk abin da ya shafi Hausa a wannan fage za ka same shi a can: AfriBERTa, MasakhaNER, AfriSenti, NLLB na fassara, Whisper na sauraren magana. Saboda haka ƙofar shiga kasuwar ta shafe mu kai tsaye.

Shekaru da dama sunan ƙofar `huggingface-cli` ne. A watan Yulin 2025, a siga ta 0.34, aka kawo sabon suna mai harafi biyu: `hf`. Ba gajarta suna kawai aka yi ba, an sake tsara umarnin ne gaba ɗaya. A da kowane umarni a watse yake: `login`, `whoami`, `scan-cache`, `delete-cache`, kowa da kamarsa. Sabon tsari ya ce ka fara ambatar abu, sannan aikin da za a yi masa. Shiga ta koma `hf auth login`. Tambayar da wane suna ka shiga ta koma `hf auth whoami`. Duk abin da ya shafi ma'ajiyar fayilolin da ka sauke ya taru a ƙarƙashin `hf cache`.

Bari in faɗi gaskiya, wannan tsari ya fi na da. Wanda ya koyi umarni biyu zai iya cankar na uku. Idan ka buga `hf auth --help` za ka ga 'yan gida ɗaya a jere, maimakon doguwar jerin da sai ka lalubo abin da kake nema. Harafi 15 sun koma 2, kuma wanda ya taɓa buga umarni a waya ko a madannin da wasu haruffansa suka goge ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sun kuma yi hankali da suka bar `hf download` da `hf upload` a waje, ba su cusa su cikin wani rukuni don kawai tsari ya yi kyau a ido ba, tunda su aka fi amfani da su. Duk wanda ya ce bai kamata a taɓa sunan ba sam, ban yarda da shi ba. Kayan aikin da ake ƙara wa umarni kowane wata, idan ba a tsaya an share shi ba, wata rana ko masu shi ba za su gane kansa ba.

Inda na tsaya shi ne wa'adin. A ƙarshen Oktoban 2025 aka fitar da siga ta 1.0, tsohon sunan ya daina aiki. Wata uku ke nan tsakanin "ga sabo" da "tsoho ya tafi".

Akwai abin da ya fi wannan ba ni mamaki. A Yuli an ce mana `scan-cache` ya koma `hf cache scan`, `delete-cache` kuma ya koma `hf cache delete`. A Oktoba sai aka sake cire waɗannan biyun, aka kawo `hf cache ls` da `hf cache rm` da `hf cache prune`. Wato wanda ya yi biyayya tun farko, ya gyara fayilolinsa a Agusta, shi ne ya yi aiki biyu. Akwai wata tsohuwar zolaya a tsakanin masu kwamfuta, ana jingina ta ga Phil Karlton, cewa abubuwa biyu ne masu wuya a wannan ilimi: sanin lokacin zubar da abin da aka ajiye a ma'ajiya, da kuma raɗa wa abu suna. To ga su nan duka biyu a umarni ɗaya.

Kada ka ɗauki wannan umarni na ma'ajiya a matsayin na gefe. Model ɗin NLLB mafi ƙanƙanta ya haura gigabait 2. Babban Whisper ya kai kusan 3. Wanda ke da laftof na hannu mai ƙaramin faifai, wanda kuma ya sayi datar da ya sauke su da kuɗin abincinsa, shi ne ya fi kowa buƙatar sanin me ke cikin ma'ajiyar, me zai goge, me kuma zai bari don kada ya sake saukewa.

Yadda wasu suka yi

Ba Hugging Face ne ya fara wannan gyara ba, kuma a nan ne hujjata take. A Janairun 2017 Docker ya kawo irin wannan tsari na "abu, sannan aiki": `docker ps` ya sami sabon suna `docker container ls`. Shekaru sun wuce, `docker ps` yana nan yana aiki. A Agustan 2019 Git ya ga cewa `git checkout` ya ɗauki ayyuka da yawa har yana rikita masu koyo, sai ya raba shi biyu, `git switch` da `git restore`. Ba a kashe `checkout` ba. Darasin Git da aka rubuta a 2012 har yau zai kai ka gida.

Django, ginshiƙin da ake gina shafukan intanet a kansa da harshen Python, shi yana cire tsofaffin sunaye, amma da rubutacciyar ƙa'ida: sai abu ya yi aƙalla fitowa biyu yana gargaɗi kafin a cire shi, kuma tsakanin fitowa da fitowa wajen wata takwas ne. Lokacin da suka so `django-admin.py` ya koma `django-admin`, sun yi sanarwa a Agustan 2020, ba su cire ba sai Disambar 2021. Wata 16. Ɗalibin da ya fara aji uku da tsohon suna zai iya kare aikinsa na ƙarshe kafin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa.

Masu kare Hugging Face suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Akwai al'adar ba wa manhaja lamba wadda ta ce duk abin da bai kai 1.0 ba yana iya canzawa kowane lokaci, kuma idan lambar farko ta canza, an halatta karya tsohon tsari. Ta wannan ma'auni ba su saɓa wa komai ba, ranar 1.0 ce ma ranar da ta dace a yi sharar. Sannan riƙe tsohon suna ba kyauta ba ne. Sai an ci gaba da gwada shi, an rubuta bayaninsa, an amsa tambayoyi a kansa, kuma mutane ƙalilan ne ke ɗauke da wannan nauyi. Wani cirewar ma dole ce. A Yulin 2025 manhajar `datasets` ta 4.0 ta daina karɓar tarin bayanan da ke zuwa da nasu ɗan kod da sai ya gudana a kwamfutarka kafin su buɗe. Wannan ya toshe tsofaffin bayanai da yawa har sai an sake musu tsari, amma dalilin a fili yake: barin kod ɗin baƙo ya gudana a na'urarka buɗe ƙofa ne ga ɓarawo. A nan ba ni da ja.

Sai dai sunan umarni ba ramin tsaro ba ne. Babu wanda za a yi wa kutse don `huggingface-cli login` ya ci gaba da tura shi zuwa `hf auth login`. Kuma maganar lamba 0 ta yi rauni idan manhajar ta shafe shekaru a hannun miliyoyin mutane. Lambar ta ce "gwaji ne", amma duniya ta riga ta gina gidaje a kai.

Abin da lissafin nasu bai ƙirga ba shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da aka yi canji da ranar da labarinsa ya iso. Injiniyan da ke aiki a Faris ko Landan, wannan sana'arsa ce, zai ga gargaɗin a makon farko ya gyara cikin minti biyar. Kai kuwa daga ina kake koyo? Daga bidiyon da aka ɗauka shekara biyu da suka wuce. Daga takardun malami da aka buga tun kafin a yi canjin. Daga kod ɗin da masu bincike suka ajiye ranar da maƙalarsu ta fito, ba su sake komawa kansa ba domin sun shiga wani aikin. Idan ka tambayi manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira, sau da yawa tsohon umarnin za ta ba ka, domin daga tsofaffin rubuce-rubuce ta koya. Sai ka buga `pip install` ba tare da lamba ba, ya kawo maka sabuwar siga fil. Tsohon darasi, sabon kaya. Kuma mai koyo ba ya da yadda zai bambance tsakanin "ni ne ban iya ba" da "an canza suna". Yawanci kansa yake zargi. Wata uku ba ta kai zangon karatu ɗaya ba idan ka haɗa da jarrabawa.

Laifi tudu ne

To, mu taka namu. Tambaya mai sauƙi: mene ne sunan Hausa a wurin kwamfuta?

A Whisper `ha` ne. A MasakhaNER da AfriSenti `hau` ne. A NLLB `hau_Latn` ne. A FLEURS, tarin muryoyin da Google ya fitar, `ha_ng` ne. A XL-Sum, wanda aka tattara daga labaran BBC, `hausa` ne a cike. Kowanne yana da madogara. Ƙa'idar ISO 639 ta farko ta ba harsuna harafi biyu, Hausa ta sami `ha`. Da aka ga harafi biyu ba za su ishi harsunan duniya sama da 7,000 ba, aka yi ta harafi uku, Hausa ta sami `hau`. Masu aiki a kan harsunan Afirka sun fi son mai uku, domin harsuna irin su Fijin ba su da mai biyu ko kaɗan. Ƙa'idar intanet kuma ta ce idan harshe yana da mai biyu, shi za a ɗauka. Kowa ya bi doka, dokar ce ba ɗaya ba.

Sakamakon yana kanka. Ka haɗa Whisper da NLLB don ka saurari hirar rediyo ka fassara ta, dole ka riƙe sunaye biyu a fayil ɗaya. Idan ka ba Whisper `hau` zai ƙi, wannan da sauƙi, aƙalla ya gaya maka. Idan yatsanka ya zame ka buga `haw` zai karɓa da hannu biyu, domin sunan harshen tsibirin Hawai ne, ya kama rubuta maka abin da ba Bahaushen da zai karanta. A NLLB kuwa, idan ka nemi lambar `ha` a hanyar da aka saba, yana iya miƙo maka wata lamba ba tare da ƙorafi ba, fassarar ta fito a karkace kana zaton model ɗin ne bai iya Hausa ba.

Wutsiyar `Latn` da `ng` ɗin nan kuma ba ado ba ne. `Latn` yana cewa Hausar boko ce. Ta ajami `Arab` take ɗauka, kuma a gari irin Sakkwato, inda aka yi ƙarni biyu ana rubuta Hausa da ajami, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. `ng` yana cewa ta Nijeriya ce, wadda ke rubuta 'ya'ya, ba ta Nijar mai rubuta ƴaƴa ba. Tarin bayanan da aka lakaba wa `ha` kawai bai gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ballantana ya gaya maka ko Kananci ne zalla ko da Sakkwatanci a ciki.

Sai haruffa masu ƙugiya, waɗanda su ne suka fi ba ni haushi. Django ɗin da na yaba ɗazu yana da wani ɗan aiki mai suna `slugify`, wanda ke mayar da kanun labari ya zama adireshin shafi. Yadda yake a asali, yana raba harafi da alamar da ke kansa, ya jefar da duk abin da ba ya cikin haruffan Ingilishi. Ga Faransanci wannan ya yi: é ya rabu ya bar e. Amma a tsarin Unicode ƙ da ɗ da ɓ ba "k mai alama" ba ne, haruffa ne masu zaman kansu, ba sa rabuwa. Saboda haka gaba ɗaya ake jefar da su. "Ƙasa" ta koma `asa`. "Ɗalibi" ya koma `alibi`. Akwai maganin, ka sa `allow_unicode=True`, amma sai wanda ya san ciwon zai nemi maganin. Mu kuma da muka gaji, sai muka koma cire ƙugiyar da hannunmu, muna raɗa wa rukunin bayanai suna `kasa`, wanda ya zo bayanmu ya rasa ko ƙasa ake nufi ko kasawa.

Ga wani gwaji da za ka iya yi yanzu. Ka buɗe folda ka kira ta 'yan_makaranta, sannan a layin umarni ka buga `cd 'yan_makaranta`. Allon zai tsaya yana jiranka. A wurinsa wannan alamar buɗe zance ce, yana jiran ka rufe. Ƙari a kan haka, alamar da ke gaban 'y tana da aƙalla kamanni uku a Unicode, madaidaiciya da lanƙwasasshiya da wadda aka ware a matsayin harafi, kuma a ido kusan ɗaya suke. Fayil biyu masu suna iri ɗaya a idonka, kwamfuta ta ce ba su san juna ba.

Wannan ɓangare ba wanda zai gyara mana daga waje. Ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane sun riga sun yi aikin da ya fi wuya, wato tattara bayanan da yi musu alama. Abin da ya rage ƙarami ne a kan wancan: shafi ɗaya da aka yarda da shi, mai cewa ga lambar da za mu riƙa amfani da ita, ga yadda za mu nuna boko da ajami da ƙasa da karin harshe, ga alamar da muka zaɓa wa 'y, ga yadda ƙ za ta koma idan dole sai an yi adireshi da haruffan Ingilishi. Ni da za a tambaye ni, cewa zan yi sunan fayil da na folda su tsaya a haruffa marasa ƙugiya, amma abin da ke cikin fayil kada a taɓa masa ƙugiya ko ɗaya, kuma kowane tarin bayanai ya karɓi `ha` da `hau` duka biyu. Layi biyu ne na kod. Kuma idan wata rana muka ga sunan da muka zaɓa bai yi ba, mu ba shi wa'adin Django, ba na wata uku ba.

Kai kuma da ke Runjin Sambo da aikinka a gaba, kafin ka rufe laftof yau ka buga `pip freeze > requirements.txt`. Zai rubuta lambar kowace manhaja da ka girka a fayil ɗaya. Ka ajiye shi tare da kod ɗinka, ka kuma sa shi a rataye a ƙarshen kundin da za ka miƙa. Idan darasin da kake bi na 2023 ne, ka duba ranar da aka ɗora shi, ka girka sigar wannan lokacin da gangan, misali `pip install "huggingface_hub<1.0"`, tsohon umarnin zai dawo yana gargaɗi amma yana aiki. `load_metric` ya koma wata manhaja daban mai suna `evaluate`, `evaluation_strategy` kuma yanzu `eval_strategy` ne. Ɗalibin da malaminka zai miƙa wa kundinka baɗi, da wannan fayil ɗin zai fara.